Wa ya san taransifomar da ke ba gidanka wuta?

Duk sanda baƙi suka zo Umara daga gida, in dai an zauna hira sai maganar wuta ta shigo, wai su tun da suka sauka Jidda ba su ga ta ƙifta ba, daga nan sai wani ya yanke hukunci ya ce ai kuɗin mai ne kawai ba wani abu ba. Kuɗi kam yana ciki, ba mai riƙe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na ƙasa guda a watan Agusta da aljihu wayam, a lokacin zafin 2023 wutar da ake ja lokaci ɗaya a Saudiyya ta haura megawat dubu 70. Amma akwai wani ɓangare da ba a hango shi daga bakin titi, wato yadda kamfanin wuta ke tsara bayanansa da manhajojinsa da ma'aikatansa su tafi tare. A ofisoshin nan bunya mu'assasiyya suke ce masa, mu dai mu kira shi babban zanen kamfani. Sana'a ce sukutum da mutane ke cin abinci da ita, har jarrabawa ake zanawa a kanta a karɓi satifiket.

Kafin shekarar 2000 ba kamfani ɗaya ke ba ƙasar nan wuta ba. Akwai na gabas, na tsakiya, na yamma, na kudu, waɗanda tsofaffin mazauna ke kira Sikiko, ga kuma wasu ƙanana a arewa, a 2000 ne aka haɗe su suka zama kamfani guda. To haɗewa a takarda abu ne na sa hannu, amma kowanne ya shigo da nasa kayan, yadda yake ba kwastoma lamba daban, yadda yake sa wa tasha suna daban, kwamfutar da yake buga fatura, wato bil, da ita daban, har ƙarfin wutar da ke shiga gidaje bai zo ɗaya ba, wasu unguwanni 127 da 220 wasu 220 da 380, shi ya sa a 2010 gwamnati ta yanke a koma 230 da 400 a hankali cikin shekara 25. Kamar gidan gado ne da kowane ɗa ya tashi aure sai ya ƙara ɗaki inda ya ga fili, ya ja ruwansa ya ja wayarsa, bayan shekara talatin famfo ya fashe a rasa wanda ya san ta inda bututun ya bi. Kowane babban kamfanin wuta a duniya haka cikinsa yake, kuma aikin masu babban zane shi ne su zauna su fitar da abin da ke akwai yau, da inda ake son zuwa, da abin da za a fara rushewa ba tare da an kashe wa kowa fitila ba.

Suna da littattafansu. Wanda ya fi yawo shi ne TOGAF da ya fito tun 1995, shi ya raba aikin hawa huɗu, ayyukan da kamfani ke yi, bayanan da ayyukan ke buƙata, manhajojin da ke riƙe da bayanan, sai injuna da hanyoyin sadarwa da manhajojin ke zaune a kai. Saudiyya ma tana da nata na hukumomin gwamnati mai suna NORA, Turai kuma ta fitar da SGAM a 2012 musamman don layin wuta na zamani. Ba zan tsaya a kansu ba, duk wanda ya haddace su bai san aikin ba tukuna.

Mu ɗauka ƙarfe uku na rana ne a Makka, zafi ya kai inda ya kai, wata taransifoma a cikin lungu ta gaji fiyus ɗinta ya tsinke. Ɗakin sa ido na kamfani yana da na'urar da ake kira sikada, ita ke nuna wa injiniya manyan tashoshi da manyan layuka daƙiƙa bayan daƙiƙa, amma sau da yawa idonta bai kai kan ƙaramar taransifomar lungu ba, ita dai ta ga lodin fida, wato layin da ya fito daga tasha yana ba taransifomomin unguwa, ya ɗan ragu shi ke nan. A da sai mutane sun fara buga 933, lambar kamfanin wuta, kafin a san an yi. Yanzu yawancin mitocin zamani suna da ɗan ƙarfin da suke ajiyewa wanda zai ishe su tura saƙo ɗaya na ƙarshe cewa wuta ta yanke a nan, to mita arba'in ko sittin suka tura a daƙiƙa guda, saƙon ya bi hanyar sadarwa ya shiga manhajar da ke karɓar maganar mitoci, ita ta miƙa wa manhajar kula da ɗaukewar wuta, ita kuma ta tambayi taswirar layuka ta ce waɗannan mitocin wa ke ba su, taswira ta ce duk ƴaƴan taransifoma kaza ne, sai a gane ba gida arba'in ne suka lalace ba abu ɗaya ne. Daga nan manhajar rabon aiki ta duba wace mota ce ta fi kusa kuma masu ita suna da izinin taɓa irin wannan layin, manhajar sito ta ce akwai fiyus ɗin ko babu, manhajar kwastomomi ta fito da lambobin wayar mutanen gidajen a tura musu saƙo. Manhaja shida ko bakwai kenan, kamfanoni daban suka rubuta su, a shekaru daban aka saye su, sassa daban ke riƙe da su, kuma ana so su gama wannan zancen cikin minti biyu.

Yanzu canza abu ɗaya tak. Bara ɗan kwangila ya zo ya raba lodin lungun, ya cire imara uku, wato benayen haya, daga tsohuwar taransifoma ya mayar da su kan sabuwa, aiki ya yi kyau an biya shi, amma takardar da ke nuna yadda aka gama aikin tana cikin motar wani ba ta isa ga masu taswira ba. A ƙasa gidajen suna kan sabuwa, a kwamfuta suna kan tsohuwa. Ranar da abu ya faru sai manhaja ta tura mota inda ba komai, ta tura wa masu wuta saƙon ban haƙuri, waɗanda ke cikin duhu kuma ta ce musu lafiya lau suke, kuma ba manhajar da ta yi kuskure a cikinsu, kowacce ta yi aiki daidai da abin da aka gaya mata. Wannan igiyar ta mita zuwa taransifoma zuwa fida zuwa tasha, a ganina ita ce mafi tsada a duk kamfanin, ta fi kowace manhaja da za a sayo, don lissafin asarar wuta a kanta yake, gano masu satar wuta a kanta yake, sanin wace taransifoma ce ta kusa ƙonewa a kanta yake.

Shi ya sa tambayar farko da mai zane na gaske ke yi ba wace manhaja za mu saya ba ce, tambayarsa ita ce wannan bayanin wa ke da shi. Taransifoma ɗaya tana zaune a wuri huɗu aƙalla, a taswira tana da wuri da layi, a manhajar gyara tana da tarihin man da aka canza mata, a littafin akanta tana da farashi da shekarun da suka rage mata, a ɗakin sa ido tana da suna na aiki. In kowa yana da ikon gyara nasa, cikin shekara biyu ka samu taransifoma huɗu. Dole a ce wurinta taswira ce ke da magana, kuɗinta akanta, lafiyarta masu gyara, sauran su karanta kawai, kuma a ba ta lamba ɗaya da ba ta canzawa ko an ɗauke ta daga Makka an kai ta Ɗa'if. Faɗa ake yi a kan wannan fa ba wasa ba, don duk sashen da aka ce ba shi ke da bayani ba gani yake an rage masa girma.

Ɓangaren kwastoma ya fi shafarmu mu masu zaman haya. Abu huɗu ne da mutane ke ɗauka ɗaya ne, akwai shiƙƙar kanta wato sashen benen da kake haya, akwai addad wato mitar da ke manne a bango, akwai hisabi wato asusun da ake buga fatura a kai, akwai mutumin da zai biya. Addad zai lalace a canza shi shiƙƙa tana nan, ɗan haya zai tashi wani ya shigo addad yana nan, mai imara zai rasu magada su shekara ba su sauya suna ba, haris mai gadin gidan ne ma ke raba fatura. Tsohon tsari da ya ɗinke waɗannan huɗun wuri ɗaya shi ke sa bashin wanda ya tashi ya hau kan wanda ya shigo. Hidimar Hisabi da kamfanin wuta ya kawo, wadda ke ba ɗan haya damar ɗaukar addad da sunansa iya zamansa, a waje kamar ɗan maɓalli ne a waya, amma a ciki sai da aka raba waɗancan abubuwa huɗun kowanne da ransa. Ga kuma na waje da dole a yi magana da su, kwantiragin haya yana Ejar, tantance mutum yana Nafath da lambar iƙama, adireshi yana tsarin adireshin ƙasa, biya yana bin SADAD, fatura kuma tun Disamban 2021 dole ta bi tsarin faturar lantarki na hukumar zakka da haraji. Kowannensu yana sauya ƙa'idarsa ranar da ya ga dama.

Kuɗin ma da nasa lissafin. Tun Janairun 2018 gida yana biyan halala 18 kan kowane yunit har 6000 a wata, abin da ya haura halala 30, halala 100 kuwa shi ne riyal ɗaya. Gidan da ya sha yunit 7000 zai biya riyal 1080 na farko da 300 na sama, 1380 kenan kafin haraji da kuɗin addad. To in karatun mita ya makara ya zama kwana 35 maimakon 30, mutumin da bai kai 6000 ba zai tsallaka sai in manhajar ta san ta daidaita iyakar da yawan kwanakin. Haka ranar da haraji ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a Yulin 2020, fatura ɗaya za ta iya ɗauko kwanaki daga ɓangare biyu. In an rubuta ƙa'idar farashi a wuri ɗaya sau ɗaya za a gyara, in kuwa tana warwatse cikin manhaja biyar, ta waya ta nuna maka wani kuɗi ta ofis ta nuna wani.

Sai yadda manhajojin ke magana da juna. Hanya mafi sauƙi ita ce duk biyun da ke buƙatar juna a ja musu layi kai tsaye, yau an gama gobe an ci gaba. Amma lissafa, manhaja 20 in kowacce za ta haɗu da kowacce layi 190 ne, ka sabunta ɗaya goma sha tara su girgiza. Maganin da masana'antar ta tsaya a kai shi ne a sa dillali a tsakiya kowa ya kai saƙonsa can, kuma a yarda da fasali ɗaya na bayanai, wanda ake kira CIM, yana cikin ƙa'idojin IEC 61970 na manyan layuka da IEC 61968 na rabawa, cikin tasha kuma IEC 61850 ke aiki. Su ke faɗin abin da ake nufi da layi, da bireka, da wurin sha, da karatu, ta yadda kayan Siemens da na Oracle da na SAP da na Esri za su fahimci juna. A takarda kenan. A aikace kowane mai sayarwa zai rantse maka kayansa na bin ƙa'ida, sai an zo haɗawa ka ga kowa ya ƙara nasa gishirin, nan ne watanni ke tafiya.

Mitocin zamani su suka tona asirin tsofaffin tsare-tsare a ko'ina. Saudiyya ta sa miliyan 10 daga 2020 zuwa Maris 2021, cikin korona, kan kuɗi sama da riyal biliyan 9. Da, mita karatu ɗaya take bayarwa a wata. In aka saita ta tana ajiye karatu duk minti 15, 96 kenan a rana, sau miliyan 10 ya zama miliyan 960 kullum. Manhajar fatura ba a gina ta don wannan ambaliyar ba, shi ya sa ake sa wani rumbu a tsakani da zai karɓa, ya tace, ya cike gurbin da sadarwa ta yanke, sannan ya ba fatura lamba ɗaya da take buƙata, ya ba injiniyoyi dogon tarihin da su suke so.

Akwai inda haɗawar ke zama haɗari, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Duk abin da na faɗa a sama yana cewa a haɗa a haɗa, tsaro kuma yana cewa a raba. Ƙasar nan ta ɗanɗana, a Agustan 2012 cutar kwamfuta ta Shamoon ta goge kwamfuta kusan dubu 30 na Aramco, abin da ya taimaka shi ne injunan haƙo mai ba a kan layi ɗaya suke da na ofis ba. A 2017 an kai wa wata masana'antar sinadarai a nan hari kan na'urorin da aikinsu shi ne kashe injin in haɗari ya taso. A Yukiren kuwa, Disamban 2015, ta imel ɗin ofis ɓarayin suka shiga, suka yi watanni suna lalube har suka isa ɗakin sa ido suka buɗe bireka da kansu, kwastoma kusan dubu 225 suka shiga duhu, da hannu aka je tashoshi aka mayar. Don haka a zanen kirki bayani yana fitowa daga ɗakin sa ido zuwa ofis ta ƙofa ɗaya mai gadi, umarni kuma ba ya komawa ta nan. Hukumar tsaron intanet ta ƙasa da aka kafa a 2017 ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan irin waɗannan injuna a 2022. Amma mita mai yanke wuta daga nesa ta rikita wannan iyakar, don manhajar bashi da ke ofis ce ke cewa a yanke wa wane, umarnin kuma ya tafi har bangon gidansa. Wanda ya mallaki wannan hanyar zai iya yanke wa gari guda, saboda haka dole a sa iyakar gida nawa za a iya yankewa a awa ɗaya da wanda zai sa hannu in an wuce.

Injiniyoyin wuta da ƴan kwamfuta ba sa shan inuwa ɗaya a kan wannan, na kwamfuta yana so a sabunta duk wata, injiniya yana cewa abin da ke aiki kar a taɓa shi cikin zafi. Ni na fi karkata ga injiniya, don in imel ya tsaya awa ɗaya ba wanda zai mutu. Amma shi ma ba shi da gaskiya duka, a 14 ga Agustan 2003 manhajar ƙararrawa ce ta daskare a wani ɗakin sa ido a jihar Ohio ta Amurka, ma'aikata suna kallon allo suna ganin komai lafiya sama da awa ɗaya alhali layuka suna faɗuwa, kafin yamma mutum kusan miliyan 50 a Amurka da Kanada ba wuta. Ba maƙiyi ko ɗaya a ciki.

Wani abin kuma shekaru ne. Taransifoma tana shekara 30 ko 40, mita 10 zuwa 15, manhaja kafin nan an daina kula da ita sau biyu. Mutanenmu na gida sun gani da idonsu a 2024 lokacin da aka ce kowa ya sabunta mitarsa ta kati kafin 24 ga Nuwamba, dalili kuwa shi ne lambobi 20 ɗin da kake sakawa suna ɗauke da ƙidayar mintuna tun daga 1993, wurin da aka ware wa ƙidayar kuma ya cika a ranar. Shawara ce da wasu suka yanke shekara talatin baya ta zo ta tayar da miliyoyin gidaje a ƙasashe da yawa. Kamfanin da ke da rajistar wace mita ce a wane gida kuma wane iri ce ya yi abinsa cikin tsari, wanda ba shi da ita sai sanarwa a rediyo da layi a ofis.

Rarraba kamfani ma yana ƙara nauyi. A 2012 an ware manyan layukan Saudiyya ƙarƙashin National Grid SA, daga baya aka cire kamfanin da ke sayen wuta daga tashoshi aka mayar da shi hannun gwamnati, ga masu zaman kansu irin ACWA Power suna samarwa suna sayarwa. Duk inda aka ja sabuwar iyaka, mitar da ke kan iyakar ta zama kuɗi, dole a san karatun wa za a yarda da shi in an saɓa. Sudan ta raba hukumarta ta wuta zuwa kamfanoni a 2010, Najeriya ta sayar da yawancin kamfanoninta na rabawa 11 da na samarwa 6 a 2013, kuma ra'ayina shi ne a can an raba waya da falwaya kafin a raba gaskiyar bayanai, shi ya sa rigimar bil na ƙiyasi ta ƙi ƙarewa.

Sai dai fa su ma masu zanen suna da nasu ciwon. Ofishin zane da yawa a duniya hotuna kawai yake bugawa, akwatuna masu launi da kibiyoyi, a nuna wa manya a taro a tafa a ajiye, sashen da ke da kasafi kuma ya je ya sayo abin da yake so. In ba a ce babu kwangilar manhaja da za ta wuce sai ta bi ta teburinsu ba, kuma babu ɗan kwangilar fili da za a biya kuɗinsa na ƙarshe sai taswira ta nuna aikinsa ba, to an yi ba a yi ba. Can ɗaya gefen kuma akwai masu tsaurin da kowace ƙaramar buƙata sai ta yi wata uku a kwamiti, har ma'aikata su gaji su koma Excel a ɓoye, ka wayi gari ainihin jerin taransifomomin yanki yana cikin laftof ɗin mutum ɗaya da ya kusa ritaya.

Abin da ke tafe zai ƙara matsa wa tsarin. Ƙasar tana son rabin wutarta ya fito daga rana da iska nan da 2030, tashar sola ta Sakaka mai megawat 300 ta fara, ga Dumatul Jandal ta iska 400, ga Sudair ta sola 1500, su kuma hadari ko ƙura na iya rage su cikin mintuna, dole hasashen yanayi ya shigo ɗakin sa ido a matsayin bayanin aiki. An kuma buɗe wa gidaje da masana'antu su sa sola har megawat 2 su haɗa da layi. Duk manhajojin da na lissafa an gina su ne kan cewa wuta daga tasha take gangarowa zuwa gida, yanzu gida zai iya mayarwa sama da tsakar rana, mita ta ƙirga shiga da fita, fatura ta san yadda za ta cire, mai tsara lodi ya san taransifomar da ke ganin lodi kaɗan ba don mutane sun rage sha ba ne. Ma'aikacin da zai hau gyara ma yana buƙatar ya san akwai rufi uku a layin da ke iya turo wuta ko an buɗe bireka, duk da cewa ana ƙera inbata, na'urar da ke haɗa sola da layi, ta kashe kanta in layi ya mutu. Wannan sabon gurbi ne a rajista, gidan nan yana samar da wuta kuma ga yawanta, takardar neman izini tana shigowa ta sashen kwastoma, mai dubawa daga sashen rabawa yake, masu buƙatar bayanin kuma suna ɗakin sa ido.